Dokin da ke Tiren Kaka

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama na ƙona dokin Kaka. Ina ɗan shekara goma sha biyar, kuma duk Unguwar Bolewa an shaida ba a ganina a zaune sai in ciwo ya kayar da ni. Innarmu takan ce ko a cikinta ban zauna ba, wata tara na yi ina zagaye ina neman ƙofa.

Dokin ba na turke ba ne. A jikin wani tiren ƙarfe yake, mai faɗin murfin tukunyar biki, rataye can sama a bangon ɗakin Kaka, mahaifiyar Babanmu, bisa jeren kwanukanta. Farin doki ne mai fukafukai, ya miƙe cikin gajimare, da wani jarumi a bayansa riƙe da mashi. A ƙasa kuma ga maciji mai kai uku ya nannaɗe dutse yana feso wuta. Marigayi mijinta ne ya zo da tiren daga hanyar Makka, tun zamanin da ake tafiya a ƙasa. Shekara bakwai ya yi, ya dawo da buta da tire. Butar ta ɓata tun kafin a haife ni, saura tiren. Kaka ba ta ɗora komai a kansa, ba ta ba da aronsa ko bikin ɗan wa ake yi, kuma duk Juma'a sai ta hau kujera ta goge shi da gefen zanenta.

Ana nan sai aka aiko daga Yerwa cewa Gwaggonmu ta haihu. Kaka ta ɗaure kayanta za ta je yi mata wankan jego, kwana arba'in. A bakin zaure ta miƙo mini mabuɗin ɗakinta, ta fara tsokanar da muka saba ta kaka da jika.

"Maigida, ga ɗaki nan na bar maka. In na dawo na tarar ko allura ta gusa, ka rubuta mini takardata in koma gidan ubana."

"Tafi abinki, tsohuwa. Kafin ki dawo na samo mai haƙora."

"Wa za ta kalle ka, da ƙafafu kamar na zalɓe?"

Kwana uku da tafiyarta fara ta sauka a gonakin Yindiski. Muka yi sammako ni da abokaina, tun raɓa ba ta bushe a fukafukanta ba, muka cika rabin buhu. Sai wurin suya. Inna ta ce in na taɓa mata kasko sai ta karya ni. Ina tsaye a tsakar gida ina sosa ƙeya, mabuɗin Kaka yana ta motsi a aljihuna kamar mai rai. Na ce a raina, ai ƙarfe ne, wuta ba ta cin ƙarfe.

Kada wani ya ce ban yi tunani ba. Na yi. Don kada mai da yaji su ɓata hoton, sai na kifa tiren a kan duwatsun murhu a bayan gida, na zuba farar a bayansa. Hoton kuwa ya fuskanci wuta. Har yau ina ganin dabarar mai kyau ce, wutar ce ba ta da hankali.

Mun ci fara har da lashe yatsu. Da na juya tiren, babu doki, babu jarumi, babu gajimare. Baƙi ƙirin, ya yi bororo kamar ƙanzon tuwo. Kofato ɗaya ya tsira, da ƙarshen wutsiyar macijin. Abokaina suka tuna ana nemansu a gida, dukansu a lokaci ɗaya.

Na ɗaga kai sai ga Yayata, wadda nake bi, tsaye da tulu a ka.

"Inna lillahi. Ka mutu. In aika a fara haƙa, ko za ka haƙa da kanka?"

"Yaya, don girman Allah ki rufa mini asiri."

"Asiri yana da nauyi. Tulun nan ma haka."

Daga ranar ni nake ɗebo mata ruwa, safe da yamma. Na kulle ɗakin Kaka, na cusa tiren cikin buhu. Saura kwana talatin da bakwai in mayar da doki bango, ko kuwa Kaka ta dawo ta tarar abu ɗaya da ya rage mata na mijinta na soya fara da shi. Dukan Baba ma bai dame ni ba, bayana ya riga ya saba. Fuskar Kaka nake gani in na rufe ido.

Na fara da kasuwa. Na bi rumfunan masu kwanuka ɗaya bayan ɗaya, na ga tire mai furanni, mai zakara, mai jirgin ruwa, har mai hoton abarba, amma babu doki. Wani dattijo ya leƙa cikin buhun ya ce irin wannan an daina kawo shi tun yana saurayi. Wani mai shayi a bakin tasha ne ya ce, "Doki mai fiffike? Je ka bayan tasha, rumfar mai fentin motoci. Yana nan liƙe a bango."

Mai fentin mutumin Kudu ne, Kirista, gajere, kowa Oga yake ce masa. Rigar aikinsa ta sha fenti har in ya tuɓe ta sai ta tsaya da kanta. A shekarar nan aiki ya yi masa yawa, manyan motocin katako sun yi layi kowa yana son a sake masa rubutun baya saboda canjin hannu. Ni ban ma yi sallama daidai ba, domin idona ya riga ya faɗa kan wata tsohuwar takardar kalanda a bangon rumfar. Ga dokina nan, ga jarumin, ga macijin da kawunansa uku cif. Saura kaɗan in rungume bangon.

Na zazzage tiren a gabansa na faɗa masa gaskiya, domin ƙaryar da na shirya a hanya ta gudu. Ya yi dariya har ya zauna a kan gwangwani.

"Wannan hoto ya girme ni, ya girmi babanka," in ji shi, da Hausarsa ta 'yan kasuwa. "Wani Bature ya zana shi a littafin tatsuniya, tun daga nan kowa kwafa yake yi. Tire, kalanda, gwangwanin alewa."

"To Oga, kwafa mini. Yau, in da hali."

"Yau! Ka ga motoci? Ni babu lokaci. Kai ka ƙona, kai kana da hannu biyu."

Muka shirya a kan in an tashi daga makaranta in zo in wanke masa buroshi in kankare masa katakon mota, shi kuma ya nuna mini hanya. Fentin mota na gwangwani, ya ce, ba zai yi gajimare ba. Ya jawo wani ɗan akwati daga ƙarƙashin benci. A ciki akwai wasu 'yan ƙananan fenti a matse irin na man goge baki, waɗanda yake zana hotunan cocinsu da su, da wata 'yar kwalba ta wani mai mai launin zuma da ake dama su da shi. Ya riƙe akwatin kamar jariri. Ni kuwa na miƙa hannu, ya buge shi.

"Tukuna. Goge."

Kwana uku ina goge tire da yashi da tsumma, har yatsuna suka daina sanin zafi da sanyi. Da ƙarfen ya fito fari tas, Oga ya sa na shafa masa wani jan fenti na share fage, ya jingina shi a inuwa.

"Yanzu me zan yi?"

"Jira."

"Har yaushe?"

"Jibi."

Jibi! A wurina jibi da baɗi duk ɗaya ne. Na zagaya tasha sau bakwai. Na je unguwar Dogo Tebo na dawo ba tare da na san abin da ya kai ni ba. Na raka wani direba neman bunsurunsa. Na dawo na tambayi Oga ko jibin ta yi, ya ce ko la'asar ba a kira ba.

Da ya bushe, Oga ya ɗauko wani katako mai kusurwa huɗu da aka ɗaure masa zare a tsaye da a kwance, ya ɗora a kan kalandar, hoton ya rabu gida-gida kamar allon dara. Ya sa na ja gidaje daidai da su a kan tiren da alli. Ya ce abin da ke gidan can, shi za ka sa a gidan nan. Na ce ai wannan ko jaririn Gwaggo zai iya. Ban kalli gidajen ba ma, na zabga dokina a shan ruwa ɗaya, na ja da baya ina jiran yabo.

Wani direba da ke jiran motarsa ya matso ya duba.

"Samari, jakin nan naka na sayarwa ne? Ina son sa, amma ka cire masa fiffiken kazar."

Oga ya matso. Ya goge allin da tsumma, ya ciro kalandar daga bango ya juya ta, ƙafafun doki suna sama, kansa yana ƙasa. Ya juya tiren shi ma.

"Kai ka san doki da yawa, shi ne matsala. Manta doki. Babu doki. Duba gida ɗaya, layi ya shiga ta ina, ya fita ta ina."

Na ɗauka wulaƙanci ne. Amma da hoton ya kife, sai na daina gane ƙafa da wuya, sai lanƙwasa kawai da tsini. Na bi gida-gida ina gunaguni, yini biyu. Da muka miƙar da tiren, wallahi sai da na ja da baya. Doki ne. Doki sosai, mai wuya kamar na sarauta, kuma da hannuna ya fito ban sani ba. Na yi tsalle na bugi rufin rumfar da kai, kwano ya amsa har bakin titi.

Daga nan aka shiga fentin gaske, aka kuma shiga azaba. Ashe ba a farawa da fari da shuɗi. Da ruwan ƙasa ake farawa, tsararo, a fitar da inda duhu yake da inda haske yake, sai a jira. A sa launi na biyu da ɗan mai kaɗan, a jira. Na uku da mai fiye da na biyu, a jira. Oga ya ce in ka ɗora sabo a kan ɗanye, na ƙasa zai tashi su cakuɗe su zama taɓo. Na ce na ji. Yana juya baya na kai yatsa in gwada ko ya bushe. Har yau in ka karkata tiren a rana za ka ga tambarin yatsana a kan dutsen macijin, guda huɗu a jere. Daga ƙarshe Oga ya riƙa kifa masa masaki ya ɗora dutse a kai, ya ce saboda ƙuda, amma ni yake kallo.

Abin ya shiga mini kai. Ranar da zan yi cikin dokin na dama baƙi da fari don inuwa, sai dokin ya fito kamar ya kwanta a toka. Oga ya ce in matso da ido kan kalandar. Ashe inuwar farin doki shuɗi ce, da ɗan ruwan ƙasa a gefe. Ban yarda ba. Ranar kasuwa na tafi kasuwar shanu, na tsuguna a gindin wani farin bijimi ina leƙen cikinsa, na daɗe har dillalin ya zo ya tsaya a kaina da sanda.

"Kai ɗan wa ne? Me kake nema a ƙarƙashin san mutane?"

"Baba, shuɗi nake dubawa."

Ya kalle ni, ya kalli san, ya ce Allah ya ba ni lafiya. Amma shuɗin yana nan, na gan shi. A makaranta ma malamin lissafi ya jefo mini tambaya ina can ina kallon inuwar farar rigarsa, na sha bulala biyu ban san a kan me ba.

Saura kwana ashirin sai Oga ya tafi Jos sayen fenti. Ya bar ni da umarni ɗaya: in yi sararin sama, in tsaya. Na buɗe 'yar kwalbar man nan na tarar saura ɗigo biyu. Sararin sama kuwa shi ne rabin tiren. In jira Oga? Ni? Na ruga gida, na tsiyayi man gyaɗar Inna a murfin kwalba, sabon matsa, mai ƙamshi. Na dama shuɗi da shi. Ban taɓa ganin fenti mai santsi irin wannan ba. Buroshi yana tafiya da kansa. Na yi sama, na yi gajimare, na zarce har kan fiffiken dama tun da abin ya yi daɗi. Na koma gida ina tafiya kamar wanda ya gano rijiyar zinariya, har na ɗebo wa Yaya tulu ɗaya na kyauta.

Kwana uku, ɗanye. Kwana biyar, ɗanye shar. A kwana na shida na ɗaga masakin na tarar kiyashi sun yi layi tun daga garin Fika, sun hau gajimare suna walima. Wasu sun maƙale a sama kamar tsuntsaye. A ranar Oga ya dawo. Bai ma ajiye jakarsa ba ya fara shaƙar iska.

"Wa yake soya ƙosai a rumfata?"

Na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, ya dafa kansa da hannu biyu, ya faɗi wata doguwar magana da yarensu wadda ban nemi fassararta ba. Sannan ya ce man nasu na wani irin ƙwaya ne da yake daskarewa in ya sha iska. Man gyaɗa kuwa don ciki aka yi shi, ko ka bar shi har jikokinka su yi furfura ba zai bushe ba. Ya miƙo mini tsumma da kananzir. Da hannuna na share saman nan mai kyau, da fiffiken dama, da rabin mashin jarumin da kananzir ɗin ya ci.

Saura kwana goma sha huɗu. Na zauna a ƙasa, abin da ba a saba gani ba. Akwai wata mota da ake lodi za ta wuce Yerwa har ƙasar Chadi, na fara lissafin in maƙale a bayanta in je in zama wani mutum dabam. Sai na tuna a Yerwan Kaka take, da irin sa'ata a gabanta motar za ta lalace.

"Oga, ka ƙarasa mini. Zan wanke maka buroshi har in tsufa."

"In na taɓa, ya zama nawa. Ni ban ƙona tiren kowa ba. Tashi. Sa shi siriri, siriri yana bushewa da wuri."

Haka na yi. Na sake sama da sabon man da ya kawo, shafa ɗaya marar kauri. Don kada in taɓa, in na gama sai in zauna a kan hannuwana, ƙafafuna suna ta rawa su kaɗai. Na mayar da fiffike gashi-gashi. Na yi wa macijin ɓawo har sai da idona ya riƙa ganin ɓawo a jikin tuwo. Da aka zo idon doki, duk buroshin Oga sun yi kauri. Ya ce gashi uku ake bukata, masu laushi. Kyanwar maƙwabtanmu ta ba da gudummawa, ba da son ranta ba, shaidar tana nan a bayan hannuna. Na ɗaure gashin a tsinke, na riƙe numfashi, na ɗiga baƙi, na ɗiga fari ɗan mitsitsi a gefe. Dokin ya kalle ni. Oga ya ɗauki tiren ya jera shi da kalandar, ya ja da baya, ya matso, ya sake ja da baya.

"Macijinka ya fi nasa mugunta," in ji shi. Iyakar yabon da na samu ke nan, kuma na kai shi gida a ƙirji.

Kwana huɗu ya yi yana shan iska. Ranar jajibirin dawowar Kaka na shigo da shi cikin buhu, na kunna kasko a ɗakinta na zuba turaren wutarta har rabin kwalba, don ya danne warin fenti. Hayaƙi ya turnuƙe har Inna ta leƙo tana tambaya ko aljanu nake kira. Na ce ɗakin matata nake gyarawa. Na hau kujera na rataye shi a ƙusarsa. Yaya ta shigo ta ɗaga kai ta daɗe, ta ce, "Kai, ashe kana da amfani."

Kaka ta iso da hantsi, da buhun bandar kifi da labarin jariri. Mata suka cika ɗakin ana ta gaisuwar wushe-wushe da barka da hanya. Ni ina bakin ƙofa, in shiga in fita, in shiga in fita. Na ga ta ɗaga kai sau ɗaya wajen bangon, ta sauke, ta ci gaba da rabon tsaraba. Na fita bayan gida na yi rawa.

Amma da azahar ta yi sai ta fito da tabarmar sallarta ta shimfiɗa a tsakar gida. La'asar ma haka. Kaka da ba ta taɓa salla a waje ba ko zafi ya kai ina. Inna ta tambaye ta, ta ce iska take sha. Kwana biyu ana haka, ni kuwa ina ta leƙen ɗakin ko tiren yana nan. A rana ta uku da safe, bayan Baba ya fita kasuwa, ta kira ni.

"Maigida, sauko mini da tiren nan."

Na sauko da shi. Ta ɗora shi a cinya, ta kawo fuskarta kusa, ta bi wuyan dokin da babban yatsa.

"Wa ya ɗinke masa wuya?"

"Wuya kuma, Kaka?"

"Kada ka yi mini idon tunkiya. Wa ya ɗinke?"

Ban gane ba, amma na gane an kama ni. Na zube na faɗi komai, tun daga fara har kyanwa. Ba ta yi dariya ba ko a wurin kiyashi, inda na sa rai.

Sai ta ce ranar da mijinta ya kawo tiren, bai yarda ya shiga ɗaki ba sai da ya zauna a bakin ƙofa da ƙusa ya ja layi a wuyan duk mai rai da ke ciki. Doki, mahayi, da kawunan maciji uku, yanka biyar. Haka mutanen da can suke yi wa hoto, don kada ya zauna da siffar mai rai a inda ake salla. Ni tun da nake ban taɓa lura ba. Tiren yana can sama, kuma ranar da na sauko da shi fara nake kallo.

"Dokin na Bature ne, ko'ina akwai shi, kai ma ga shi ka samo," in ji ta. "Layukan nan ne na marigayi. Su nake gogewa ranar Juma'a."

Da ta ɗauko muciya ta rufe ni da duka da na gode mata.

"Kaka, ki yafe mini."

"Yafiya daban, tire daban. Da wuyansa a ɗinke ba zai kwana mini a ɗaki ba. Ko ka kai wa Innarku ta riƙa shanya kuɓewa, ko ka nemo ƙusa."

Na nemo ƙusa. Muka zauna a bakin ƙofa. Na kama ta zan fara, ta buge mini hannu.

"Ba da wannan ba. Marigayi bahago ne."

"Kaka, hannun hagun nan ko ƙuda bai iya kora ba."

"Shi ma nasa rawa yake yi. Fara da macijin."

Kawunan maciji ban ji komai ba, har da ɗan daɗi. Tana gaya mini inda zan fara da inda zan tsaya, na tsakiya ta ce gajere ne, domin a nan aka yi sallama mijinta ya ɗaga kai. Na jarumin ta ce a ƙarƙashin gemu, ya ɗan haura sama. Sai doki. Na ɗora ƙusar a wuyan nan da na yi yini biyu ina bi gida-gida, na dokin da na je har ƙarƙashin bijimi saboda shi, idon nan na gashin kyanwa yana kallona. Hannuna ya ƙi.

"Kaka, in ja masa da fenti mana, siriri, kamar linzami."

"Wannan kwalliya ce, ba yanka ba. Ƙasa kaɗan. Daga nan. Ya karkace wajen ƙirji."

Na runtse ido ɗaya na ja. Ƙusar ta yi ƙara, fentin da bai gama ƙwari ba ya nannaɗe a bakinta kamar ɓawon albasa, jan fentin farko ya leƙo, ƙarfe ya biyo shi. Layin ya karkace fiye da yadda ta ce.

Ta karɓa, ta bi layukan ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ta tsaya a na dokin ta daɗe. Ta goge hancinta da gefen zane.

"Nasa ya fi zurfi," in ji ta. "Hau ka rataye. Ka miƙe shi sosai, ɗan zalɓe, sannan ka shigo mini da tabarmata."